Rumbunmu na Cikin Ɗaki

Masu karatu, mu ba manoma ba ne. 'Ya'yan manoma ne dai, amma aikin albashi ya kawo mu Zariya, inda muke zaune a gidan haya mai ciki biyu da falo. Mu bakwai ne: maigida da uwargida, da yara huɗu, da Inna, mahaifiyar maigida, wadda ta baro ƙauyenmu na wajen Malumfashi ta zo zama tare da mu tun da ƙafa ta soma ba ta wahala. Ba mu da gona, ba mu da rumbu. Shekara da shekaru abincinmu daga kasuwa yake wucewa cikin tukunya. In an yi albashi a sayi na mako biyu, sauran kwanakin wata kuwa a bi mai shago da awo, yau tiya, gobe rabin tiya, wani lokaci da bashi.

Inna ba ta taɓa jin daɗin irin wannan zama ba. Takan leƙa ɗakin girki ta ga robobi wayam, ta ce, "Ku dai zaman tsuntsu kuke yi, abin da aka tsinta yau shi za a ci yau." Mukan yi dariya mu ce, "Inna, ai nan birni ne, kasuwa ita ce rumbunmu." Ita kuwa sai ta yi shiru.

To, a ƙarshen watan Maris na 2020 aka rufe mana rumbun nan namu. Saboda cutar korona, gwamnatin Jihar Kaduna ta hana fita, aka rufe kasuwanni, aka yi fiye da wata biyu cikin kulle, sai 'yan ranakun da aka keɓe domin a fita a yi cefane a gurguje. Ran da dokar ta soma aiki muka duba abin da ke gidan: shinkafa tiya biyu, da garin masara wanda bai cika roba ba, da rabin kwalbar manja. Akwai ɗan kuɗi a hannu, amma kuɗi ba ya dafuwa. A dare na biyar uwargida ta dama kunu tsararo aka ba yara, mu manya muka ce mun ƙoshi. Autanmu, wanda yake ɗan shekara huɗu a lokacin, ya shanye nasa, ya miƙo kofi yana jiran ƙari. Ba wanda ya iya dubansa.

Sai Inna ta kira ɗanta ta ce, "Zo ka jawo mini akwatin nan." Tsohon akwatin ƙarfe ne da yake ƙarƙashin gadonta, wanda muke tsammani zannuwa ne kaɗai a ciki. Da aka buɗe sai ga ƙullin kuka, da ƙullin busasshiyar kuɓewa, da daddawa cikin gwangwani, da barkono, da gero wajen tiya uku a ɗaure cikin tsohon zane. Ashe duk sa'ad da 'yan'uwa suka zo gaishe ta daga ƙauye da ɗan tsaraba, takan ɗebi kaɗan ta ɓoye kafin ta miƙa sauran ga sarakuwarta. Akwatin nan ne ya riƙe mu har ranar da aka bari a fita.

A daren nan ne ta ba mu labarin farin 1973, sa'ad da take sabuwar amarya. Ruwa ya ɗauke, gero ya bushe a tsaye bai yi ido ba. Ta ce gidajen da suka fita wannan shekara ba su sayar da dabbobinsu ko gonakinsu ba, su ne waɗanda suke da damman bara a rumbu. A gidan surukinta, in an gama girbi aka cika babban rumbu, sai a liƙe bakinsa, ba mai taɓa shi sai ruwa ya sauka an shiga noma. Rani duka da abin ƙananan rumbuna da sana'ar hannu ake ci. Gama kowa ya sani yunwa ba da rani take zuwa ba, da damina take zuwa, tsakanin Yuni da Agusta, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare, sabo kuwa bai nuna ba. Da ruwan ciki ake jan na rijiya, in ji Inna, wanda bai ci ba ba zai iya riƙe fartanya ba.

Tun daga wannan dare muka ƙudura za mu yi rumbu, ko da a lungun ɗaki ne.

Abu na fari da muka yanke shi ne babu nama a ciki, babu kifi. Ba wai mun haramta wa kanmu ba ne. Aljihu ne ya yanke mana, wutar lantarki kuma ta sa hannu. Naman da za a sa a firiji ranar da wuta ta yi kwana biyu ba ta zo ba ya zama asara, kilishi kuwa ba abincin mai albashi irin namu ba ne. Kuɗin da zai sayi naman miya ɗaya zai sayi waken da gida zai ci har sau uku. Iyayenmu ma ai ba da nama suka tashe mu ba, sai ranar biki ko ranar da aka yi baƙo. Da tuwo da miyar kuka, da wake, da gyaɗa, da daddawa aka yi mana ƙashi. Daga baya muka ji daga bakin masu ilimin abinci cewa hatsi da wake in sun haɗu suna cika wa juna abin gina jiki, wato abin da ɗaya ya rasa yana wurin ɗayan. Shinkafa da wake, da ɗanwake, da dafa-dukan dawa da wake, ashe ba abincin rashi ba ne. Ko da yake haka ne, in hali ya samu mukan ƙara wa yara nono ko ƙwai, gama akwai abin da jiki yake bukata wanda ba ya samuwa a cikin buhu.

Sa'an nan muka zauna da fensir da takarda. Gidanmu yakan ci tiya guda ta hatsi a yini. In muna so mu tsare wata uku na tsakiyar damina, tiya 90 ke nan, wato buhu biyu da 'yan kai, tun da yake babban buhu yakan ɗauki wajen tiya 40. Wake kuma tiya 30. Da muka ga lissafin sai jikinmu ya yi sanyi, domin ba mu taɓa riƙe kuɗin buhu guda a lokaci ɗaya ba ba tare da wata bukata tana jiransa ba. Inna ce ta sāke fid da mu. Ta ce wa sarakuwarta, "'Yar nan, duk sa'ad da kika auna na girki, ɗebi cikin tafi ɗaya ki zuba a wata tukunya. Ba wanda zai ji a cikinsa." Gaskiyarta kuwa. Ba wanda ya ji, a ƙarshen wata kuma tukunyar ta tara abin da ya fi tiya biyu. Maigida ya bar sayen abincin rana a wurin aiki, yana tafiya da na gida. Adashin da uwargida take zubi muka roƙa a sa ɗaukarmu ta faɗo a watan Nuwamba, lokacin kaka, sa'ad da hatsi ya fi araha a shekara. Muka kuma haɗa kai da gidaje uku na unguwarmu, mutum ɗaya ya tafi kasuwar Giwa ya sayo da buhu, a raba kuɗin mota, a zo gida a auna. Sayen buhu ya fi sayen tiya sauƙi nesa ba kusa ba.

Kakar 2020 muka sami dawa buhu guda, da masara rabin buhu, da wake tiya 20. Muka jingine su a bangon ɗakin yara, muna ta jin kanmu kamar masu arziki.

A watan Maris uwargida ta kwance bakin buhun wake domin ta duba. Tun kafin ta sa hannu ta ji ɗumi yana fitowa, da wani irin wari. Ƙwari suka taso mata a fuska. Kowace ƙwaya da huda biyu ko uku, ƙasan buhun kuwa gari ne zalla. Ta zauna a ƙasa ta yi kuka, gama kuɗin adashinta ne na wata goma. Abin da muka iya tsincewa bai kai tiya shida ba. Masarar ma ta fara gari, ɓera kuma ya huda buhun dawa ta baya, inda ya jingina da bango.

Laifinmu ne, mun yi abin da ba mu tambaya ba. Ƙwaron wake ba daga waje kaɗai yake shigowa ba. Tun wake yana gona yake sa ƙwai, mutum ya sayo waken da yake gani sumul alhali kuwa tsutsa tana cikin ƙwayar tana ci. Cikin mako uku zuwa huɗu ta zama ƙwaro, shi kuma ya sa nasa ƙwai, haka har buhu ya ƙare. Rumbun su Inna bai san wannan wahala sosai ba, domin gero da dawa a zangarniyarsu ake ajiye su, wake kuma a kwansonsa ko cikin toka. Mu kuwa sussukakke muka saya muka zuba a buhun da iska take ratsawa.

Wani mai son mu da alheri ya ce nan gaba mu yayyafa fiya-fiya, ko mu jefa ƙwayar nan da 'yan kasuwa suke sa wa buhu. A nan muna roƙonku, 'yan'uwa, kada ku yi. Fiya-fiya guba ce, ba a yi ta domin abin da za a ci ba. Ƙwayar nan kuma iska mai guba take fitarwa, an yi ta domin manyan ɗakunan ajiya da hannun wanda aka koya wa aikin, ba domin ɗakin da yara suke kwana ba. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya ƙasashenta saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a jikinsa. Abin da waɗansu suka ƙi ba karnukansu, mu ba za mu zuba wa 'ya'yanmu a kwano ba.

Wani malamin gona ne ya nuna mana hanya, ga ta kuwa da sauƙi har abin ya ba mu haushi. Ƙwaro ma numfashi yake yi. In an hana shi iska, zai shanye 'yar wadda ta rage a cikin mazubin, ya daina ci, ya mutu. Akwai buhu mai leda biyu masu kauri a ciki, wanda ake kira PICS. Masana na Jami'ar Purdue ta Amurka tare da abokan aikinsu na arewacin Kamaru suka fito da dabarar, aka soma yaɗa buhun a ƙasashenmu a 2007. Ana zuba hatsi a ledar ciki, a matse iska, a murɗe bakin a ɗaure, sa'an nan a ɗaure ta biyu dabam, a ɗaure buhun waje dabam. Ya fi buhun kasuwa tsada, amma in ba a huda shi ba yakan yi shekara biyu ko uku ana amfani da shi. Wanda bai sami wannan ba, jarkar man girki mai lita 25 ta isa. A wanke ta, a shanya ta bushe ƙarau, a ɗura wake har wuya ana jijjigawa, a sa leda a bakin a murɗa murfi tam. Sai dai kada a yi amfani da jarkar da ta taɓa ɗaukar fetur ko maganin feshi, kome wankin da aka yi mata. Babban sharaɗin kuma shi ne haƙuri. Wanda yake buɗewa kowane mako domin ya ga ko ƙwaro ya mutu, shi ne yake ba ƙwaron iska. Saboda haka muka raba namu cikin ƙananan mazubai, wanda aka buɗe a cinye shi, sauran suna rufe.

Bayan ƙwaro sai danshi. Hatsin da bai bushe sarai ba in aka rufe shi zai yi fumfuna. Inna da haƙori take gwadawa, in ƙwaya ta fashe da ƙara, ta bushe. Mu da ba mu yarda da haƙoranmu ba, kwalba muke samu busasshiya mu zuba hatsi kaɗan da cokali biyu na busasshen gishiri, mu girgiza, mu bar ta ɗan lokaci. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, da sauran shanya. Fumfunar masara da ta gyaɗa ba abin wasa ba ce, tana haifar da dafin da yake lalata hanta, dafuwa kuma ba ta kashe shi. Duk ƙwayar da ta sāke launi ko ta yi ɗaci, zubarwa muke yi, ko kaji ba mu ba. Buhuna kuma yanzu a kan katako suke, da tazara tsakaninsu da bango.

Akwai waɗansu ƙananan abubuwa da muka koya da asara. Gari ba ya ajiyuwa kamar ƙwaya, garin gero musamman cikin 'yan kwanaki yake sāke ɗanɗano, don haka na mako guda kaɗai muke kaiwa niƙa. Man gyaɗa in ya daɗe yakan yi wari, manja ya fi shi jimrewa in an rufe shi an kawar da shi daga rana. Garin rogo kuwa abokin ranar wuya ne, gama ba ya bukatar wuta, da ruwa da ɗan ƙuli-ƙuli an yi kwaɗo. Wannan magana ta wuta a lura da ita. Busasshen abinci yana cin makamashi, wake kuwa ya fi kowa. Gidan da ya tara wake bai tanadi gawayi ko itace ba, rabin aiki ya yi. Mukan jiƙa shi tun da dare, mu sa 'yar kanwa, sai ya nuna da wuri.

Kayan miya su ne suka fi ba mu daɗin tanadi, domin kusan kyauta ne. Da rani, sa'ad da tumatirin fadama ya cika kasuwa har ana rasa mai saye, mukan sayi kwando mu yanka mu shanya ya zama kauɗa. Haka attarugu da tattasai. Da damina kuwa kuɓewa, da ganyen zogale, da karkashi, da yakuwa. Ganye a inuwa ake shanya shi inda iska take wucewa, in an sa shi a rana yakan koɗe ya rasa amfaninsa. Da daddawa, da gishiri, da tsamiya ta kunu, da citta da kanumfari. Duk wannan bai cika kwali biyu ba, amma shi ne bambancin tuwo da miya da tuwo gaya.

Rumbun ya nuna amfaninsa tun ba a je ko'ina ba. A farkon 2023, sa'ad da aka sauya takardun naira aka shiga ƙarancin tsabar kuɗi, mutane suna kwana a layin banki, masu awo da yawa kuma ba sa karɓar kuɗi ta waya. Mu dai tukunyarmu ba ta sani ba. A ƙarshen Mayu na wannan shekara aka janye tallafin man fetur, kuɗin mota ya tashi, kome ya bi shi. Zuwa tsakiyar 2024 hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce farashin abinci ya ƙaru da fiye da kashi 40 cikin ɗari a shekara guda. Ba sai an gaya wa mai zuwa kasuwa ba.

A nan ne muka gamu da jarrabawar da ba ta cikin lissafinmu. A farkon Agusta na 2024 aka yi zanga-zangar tsadar rayuwa, aka sa dokar hana fita a Kaduna da Zariya. Da magariba wata maƙwabciyarmu, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da yara biyar, ta yi sallama. Ta daɗe tana gaisuwa, ta tambayi ƙafar Inna, ta tambayi makarantar yara. Sai da ta tashi tafiya ta ce da uwargida a hankali, "Maman yara, ko da ɗan tsaki ne." Kwano yana ɓoye a cikin mayafinta.

Ba za mu ɓoye muku ba, mun yi gardama a cikin ɗaki. Maigida ya ce abin da ke nan an ƙidaya shi kwana-kwana har zuwa sabon hatsi, in muka buɗe yau gobe unguwa duka ta ji. Uwargida ta ce ita ba za ta iya tuƙa tuwo tana jin kukan yaran can ta katanga ba. Kowannenmu yana da gaskiyarsa. Inna tana jinmu daga gadonta, sai ta ɗaga murya ta ce, "Kai, geron akwatina da kuka ci, ni na noma shi?" Maigida bai amsa ba. Ya ɗauki tiya ya tafi wurin buhu.

Abin da ya ji tsoro kuwa ya faru. Ba ita kaɗai ta zo ba. Rumbunmu ya ƙare saura wajen mako uku sabuwar masara ta shigo, muka ƙarasa da garin rogo da miyar kuka, da ɗan bashin mai shago. Ba wanda ya kwana da yunwa, amma ba wanda ya yi ƙiba. Tun daga nan in muna lissafi sai mu ƙidaya gidanmu mutum takwas, na takwas ɗin ba mu san ko wane ne ba sai ya yi sallama.

Wani zai ce, ashe ku ma kuna cikin masu ɓoye abinci, irin waɗanda aka rufe wa ɗakunan ajiya a kasuwar Dawanau ta Kano a Fabrairu na 2024 bisa zargin ɓoye kaya? Mun yi wa kanmu wannan tambaya. Iyakar da muka sa wa kanmu ita ce, ba mu saye sai da kaka sa'ad da abinci ya wadata, ba mu ajiye abin da ya wuce cinmu, ba mu kuma sayar da ko tiya guda. Wanda ya ruga kasuwa ranar da aka ji ƙishin-ƙishin ƙaranci ya kwashe abin da ya samu, shi yana ƙara wa wuta itace ne. Kada kuma kowa ya ɗauka kullum riba ake ci. A 2025 farashin hatsi ya sauko ƙwarai, muka yi watanni muna cin masarar da muka saya da tsada alhali ta kasuwa ta fi ta araha. Yaran suka yi ta yi wa babansu tsiya. Ya ce su ci dai, ai ba a mayar da tuwo kasuwa.

Gidajen da muke haɗa kuɗin buhu da su yanzu sun zama bakwai, har da maƙwabciyar nan tamu. Wanki da guga take yi, tana tara nata da ɗai-ɗai, jarkokinta biyu kuma a ɗakinmu suke, domin ta ce in suna gabanta yara ba za su bar ta ta yi haƙuri ba. Babbar 'yarmu ita ce mai alli, takan rubuta watan da aka rufe kowane mazubi a jikinsa, domin a fara cin tsoho kafin sabo. Akwatin Inna kuwa yana nan ƙarƙashin gado, ta sa masa sabon kwaɗo. Kwanan baya muka tambaye ta ko har yanzu da wani abu a ciki. Ta ce mu je mu kula da namu.